Ɗakin amaryar 1975: nazarin aikin wata ɗalibar tsara dandali a Jos

A shekarar ƙarshe ta karatun fim akan raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fitar da gajeren fim guda wanda da shi za a auna abin da suka koya. Wani ya ɗauki ba da umarni, wani ɗaukar hoto, wani sauti, wani tacewa. Wannan nazari ya shafi wadda ta ɗauki tsara dandali a wani rukuni a garin Jos, wato ita ce za ta samar da duk abin da ido zai gani a hoton in ban da fuskokin 'yan wasa: bango, gado, labule, ƙofa, ƙwaryar da za a sha fura, har kuɗin da za a miƙa hannu da hannu. Ta yarda a rubuta yadda aikin ya gudana bisa sharaɗin a sakaya sunanta da na abokan karatunta, don haka "ɗalibar" zan riƙa ce mata.

Jos ba baƙuwar harkar fim ba ce. A nan ne mazaunin Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979, wadda aka naɗa Ali Nuhu ya shugabanta a Janairun 2024. A nan Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take tun 1995, ga kuma Kwalejin Talabijin ta NTA. Yaron da ya tashi a Gangare ko Unguwar Rogo ya saba ganin kyamara a bakin titi. Sai dai yawancin masu shiga karatun darakta suke so su zama, ko masu riƙe kyamara, tsara dandali kuwa yakan faɗa hannun wanda ya rage. Ita wannan da bakinta ta nema. Tun tana sakandare take zane, kuma a gidan ɗinki ta taso, ta san yadi tun kafin ta san kyamara.

Labarin fim ɗin gajere ne, minti 15, kusan dukansa a ɗaki guda. Amarya ce a birnin Zariya a farkon 1975, mijinta akawun gwamnati, an tura shi kwas Legas kwana kaɗan da tarewa. Rubutun ya yi wata biyu a hannun darakta da mai ɗaukar hoto suna tattaunawa. Ita sai saura mako biyar a fara ɗauka aka miƙo mata. Kusan duk wahalar da ta biyo baya daga nan ta samo asali.

Abin da rubutun bai faɗa ba

Marubucin ya rubuta layi ɗaya ne kawai game da wurin: ɗakin amarya, da dare. Sauran duk aikinta ne. Ta zauna da biro ta bi rubutun fitowa bayan fitowa tana fitar da duk abin da hannu zai taɓa, kuma tun a shafi na uku ta ci karo da matsala. Ango ya zaro takardar naira 20 ya ba amarya ta riƙe kafin ya dawo. To, a 1975 babu wannan takarda. Da aka sauya fam da sule zuwa naira da kwabo a ranar 1 ga Janairun 1973, takardun da aka fitar su ne na kwabo 50, naira 1, naira 5 da naira 10. Ta naira 20 sai a Fabrairun 1977 ta fito, ɗauke da hoton Janar Murtala Muhammad, shekara guda bayan kashe shi. Da a ce an bar ta a fim ɗin, an nuna mutum yana kashe kuɗin tunawa da shugaban da bai ma hau mulki ba tukuna.

Ta ce a mayar da ita naira 10 guda biyu. Wani abokin karatunsu ya kawo tsofaffin takardu daga akwatin mahaifinsa yana murna, sai ga hoton Alvan Ikoku a jiki. Su ma ba su yi ba, domin sai a 1979 aka sa hotunan mutane a kan naira 1, 5 da 10. A ƙarshe wajen wani dattijo mai tara tsofaffin kuɗi ta samo na ainihi, ya ba ta aro a cikin ambulan, ya ce kada a naɗe su. Ta kuma ba darakta shawara a gyara maganar gwaggon amarya: tsohuwa a wancan lokaci ba za ta ce naira goma ba, fam biyar za ta ce, kamar yadda mutane suka daɗe suna kiran kwabo goma sule, kwabo biyar sisi. Wannan gyara ba ya cikin aikinta a rubuce, amma wanda ya tono kayan zamani yakan tono har da bakin mutanensa.

Haka ta yi da kalandar bango. Tunda a farkon shekara ne labarin ya faru, hoton Janar Yakubu Gowon ne zai kasance a kai, domin sai 29 ga Yuli aka kifar da gwamnatinsa. Sai kuma abin da na fi yaba mata a wannan mataki. Ta tambayi kanta me akawun gwamnati zai mallaka a watannin nan da ba shi da shi bara. Amsar ita ce kuɗin Udoji, ƙarin albashi da ariyas ɗin da aka biya ma'aikata a daidai lokacin, wanda ya sa kasuwa ta cika da masu sayen rediyo da babur da agogo. Sai ta sa wa ɗakin sabuwar rediyo, ta ɗora ta a kan teburi an lulluɓe ta da ƙyallen saƙa. Babu inda rubutun ya ambaci rediyo. Amma duk wanda ya yi wayo a shekarun nan, yana ganinta zai san irin gidan da ya shiga.

Neman ɗaki da gina shi

Hanya uku ke gabansu. Su kwashi kowa da komai su tafi Zariya, abin da aljihun ɗalibai ba zai ɗauka ba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Ko su nemi tsohon gida a Jos. Ta yi mako guda tana yawon wannan, duk ɗakin da ta shiga an riga an taɓa shi: tayil a ƙasa, silin roba a sama, wayar lantarki ta ratsa bango, taga ta gilashi. Wanda ba a taɓa ba kuma ya yi ƙanƙanta, in aka sa gado da kyamara babu inda mai haske zai tsaya. Hanya ta uku ita ce a gina ɗakin a cikin wani babban zaure da babu kowa. Ita ta zaɓa, darakta ya yarda ba da son ransa ba, domin a ganinsa kuɗin katako da an ƙara shi a hayar kyamara.

Kafin ta ja layi ɗaya a takarda, ta je gidan adana gine-ginen gargajiya da ke kusa da Gidan Tarihi na Jos, wanda masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya yi wa ɗawainiya. A can akwai kwafin ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Ta tafi da awon tela. Ta auna kaurin bango, ta duba yadda kusurwa ba ta kaifi, yadda ƙofa ke da gajarta, yadda ake jera azara. A nan ta fahimci dalilin ƙanƙantar ɗakunan da ta yi ta gani: azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin ƙasar rufi in tazara ta wuce kimanin ƙafa shida, sai an yi dabarar tokare ko an ɗaura baka. Saboda haka ɗakinta ba zai yi faɗi ba in tana son a yarda da shi. Mafita ita ce bango huɗu da za a iya zare kowanne a tura kyamara ta gurbinsa.

A kasuwar Katako ta sayi katako da filawud, kowane falle ƙafa takwas a tsaye, huɗu a kwance. Kafinta ya haɗa mata firam, aka lulluɓe da buhun algarara, ta kwaɓa jar ƙasa da garin katako da farin gam ta yaɓa. Watan Agusta ne, kuma duk wanda ya san Jos ya san ruwan Agusta da sanyinsa. Kwana uku yaɓen bai bushe ba. Da ya bushe, nauyinsa ya lanƙwasa filawud ɗin, ya tsattsage, wani wuri ya zubo gaba ɗaya. Mako guda da kusan rabin kuɗin kayan gini suka tafi a haka.

Kafintan ne ya kai ta wajen wani tsohon magini a unguwarsu. Ya duba hoton a wayarta ya ce, "'Yata, kin ɗora wa allo kayan gini. Ba yaɓe kike so ba, shafe kike so. Ki tankaɗe ƙasar, ki yanka busasshiyar ciyawa ƙanana ki zuba, ki shafa da tafin hannu siriri, ya sha iska, ki sake. Kada ki sa cokalin birkila, bangonmu sawun hannu ne a jikinsa." Haka ta yi, shafi uku, tana kunna gawayi a kasko a tsakiyar zauren don ya taimaka wa bushewa. Rufin kuwa rabi kawai aka yi, iya inda kyamara za ta hango, da gwangwala da aka shafa wa baƙin fenti da ƙasa ta tsaya a matsayin azara.

Da aka gwada hoto, sai wata matsala ta fito wadda ido ba ya gani sai kyamara. Jan bangon ya yi kusa da launin fatar 'yar wasan, fuskarta ta nutse a ciki. Ta sa farar ƙasa ta shafe bangon sama-sama har ya yi haske, ta bar ja yana leƙowa ta ƙasa, sannan ta zaɓa wa amarya atamfa mai shuɗi da kore, mai manyan zane irin na masaƙun Kaduna na lokacin. Mai ƙananan layuka ta ajiye ta, domin irin wannan zane rawa yake yi a allon kallo. Farin zanen gado kuma ta tsoma shi a ruwan shayi, don farin da ya cika fari yakan ƙone hoto.

Jere

Ginin bango wahalar jiki ce da ta kuɗi. Jere shi ne ya ci mata rai, kuma a nan ne ake ganin abin da aji ba ya koyarwa.

Ɗakin amaryar Bahaushe a shekarun 1970 kwano ne adonsa: langa, fanteka, kumbo, tasa, an jera babba a ƙasa ƙarami a sama har kusa da rufi, ga gadon ƙarfe mai rumfa an ɗora katifu ya yi tudu. Yawan jeren shi ke nuna ƙoƙarin uwa da dangi, kuma shi mata 'yan ganin ɗaki ke ƙirgawa da ido. Ba a samun irin waɗannan kwanuka a kanti yanzu da irin zanensu na da. Suna wurin tsofaffi, a ƙarƙashin gado ko a saman kabad, an naɗe su a tsohon zane. Kuma ba kwano ne kawai a wurinsu ba, aurensu ne da iyayensu da suka rasu.

Ita kaɗai ba wadda za ta buɗe mata ƙofa a kan wannan. Gwaggonta ta roƙa ta raka ta, gida-gida, bayan la'asar. Sai an gaisa an tambayi kowa, an sha ruwa, gwaggo ta gabatar da ita da sunan kakarta, sannan a zo kan magana. Gida biyu sun ƙi kai tsaye. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Ki yi haƙuri 'yar nan, kayan aurena ba za su shiga fim ba." Ɗalibar ba ta ja ba, ta yi godiya ta tashi. Wannan ƙin ba abin raini ba ne. Kallon da jama'a da yawa ke yi wa harkar fim a Arewa sananne ne, shi ne ma ya tsayar da shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano a 2016. Mace mai karatun fim da wannan kallo take shiga kowane gida.

Wasu kuma suka ba ta, har da tsokana. Wata tsohuwa ta ce, "Kishiyata, wato kwanona kike so ki yi wa mijinki jere da shi?" Ta fito da fanteka uku da murafensu, ta zauna tana faɗa mata wanda ake sawa a ƙasa da wanda ke hawa sama, da yadda ake juya furen kowanne ya kalli ƙofa. Wannan bayani ya fi kwanukan daraja a wurin ɗalibar, domin da ta jera su yadda ido ya ga dama, duk macen da ta haura sittin za ta gane ba hannun da ya sani ba ne.

Ta sayi littafi mai bango mai kauri. Duk abin da ta karɓa sai ta manna masa lamba a gindi, ta ɗauki hotonsa gaba da baya a gaban mai shi, ta rubuta inda yake da tabo tun asali. Kaya sama da sittin daga gida tara, har da gadon, da adudu, da fitilar ƙwai, da akwatin ƙarfe.

Sai da ta jera su a ɗakin ta tsaya daga inda kyamara za ta zauna, sannan ta ga babban kuskuren da ke jiran duk mai yin fim na zamanin da. Kwanukan sun yi shekara hamsin, kuma sun nuna. Amma a 1975 sababbi ne fil, jiya aka sauke su daga kasuwa. Ɗakin da ta haɗa ɗakin tsohuwa ne, ba na amarya ba. Mutane da dama in an ce da, sai su ɗauko abin da ya tsufa, su manta cewa mutanen da ma sabo suke saye. Ta kwashe jeren ta sake. Waɗanda ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, tun ranar tarewa suke a naɗe, su ta sa a gaba da sama. Masu tabo ta mayar ƙasa da bayan gado. Ta wanke kowanne da toka da lemon tsami, ta goge da tsumma mai laushi. Gadon ta nemi izinin mai shi ta yi masa sabon fenti, aka ba ta.

Da suka yi ƙyalli kuma sai mai ɗaukar hoto ya ce ba zai iya ba, fitilunsa na dawowa cikin kyamara daga jikin kowane kwano. Ya ce a fesa musu abin da zai kashe ƙyallin. Ta ce kayan mutane ne, ba za a fesa musu komai ba, kuma ƙyallin shi ne amarcin. Sun yi kusan awa guda suna ja, har darakta ya fita waje. A ƙarshe aka juya fitilun suka kalli farin yadi da aka rataya, hasken ya dawo a tausashe, ita kuma ta shafa siririn sabulu a kan guda huɗu da suka fi damun hoton, abin da ruwa zai wanke.

Yadda yininta yake

Duk wannan ba a hutu aka yi shi ba. Darussa na tafiya, ga gwaji, ga rubutaccen aikin kammalawa da ake jira. Ga kuma bashin aiki: ɗalibai ba su da kuɗin ɗaukar ma'aikata, don haka tsarin kamar gayya yake, ka yi wa wani yau don ya zo maka gobe. A cikin mako biyar ɗin nan ta riƙe sandar sauti a fim ɗin wani rukuni, ta kula da cigaban shiri, wato kada kaya ko sutura su sauya tsakanin fitowa da fitowa, a na wani, don ta samu hannun da zai ɗaga mata bango.

Takan tashi da asuba ta gama aikin gida, ƙarfe takwas tana aji. Da azahar tana Katako ko wajen kafinta, ta tsaya a ɗaure mata filawud a saman keke, ta shiga ta riƙe igiyar ta taga, ruwa na dukan hannunta. La'asar tana zaure da ƙasa har gwiwar hannu, ko tana zaune a tabarmar wata tsohuwa. Mahaifinta ya yarda da karatun da sharaɗi guda, sallar isha ta same ta a gida, kuma ba ta taɓa saɓawa ba. Saboda haka aikin da abokanta maza ke yi da dare, ita sai ta matse shi a cikin yini. Bayan isha ne take zanen awo da lissafin kuɗi da fitilar caji. Wajen sha biyun dare saƙon darakta zai shigo ta WhatsApp: ya yi tunani, yana so ango ya leƙa ta taga. Babu taga a ginin. Gobe sai a yanka.

Aikin da take yi, a babban fim na mutum biyar ne ko fiye: mai tsarawa, mai zanen gini, mai sayo kaya, mai adon ɗaki, mai riƙe kayan hannu, wani lokaci har da mai sutura. Ita duk ta haɗa, da mataimakiya ɗaya 'yar aji biyu da ke zuwa in ba ta da darasi.

Kwanakin ɗauka

Kwana uku aka yi ana ɗauka. Bayan kowace fitowa takan ɗauki hoton ɗakin da waya, don in an dawo bayan sallah ko cin abinci komai ya koma inda yake: gefen da labule ya karkata, yawan kananzir a fitila, inda furar ta tsaya a ƙwarya. Ta hana kowa zama a gadon, ta hana cin abinci a cikin dandalin, har wasu suka fara ce mata uwar ɗaki.

A rana ta biyu wani ya yi tuntuɓe da wayar janareta, sandar fitila ta faɗo kan jeren. Yawanci sun tsira, amma murfin wata fanteka ya ɓantare a baki, baƙin ƙarfen ya fito kamar faɗin sule. Na tsohuwar nan ce mai tsokana. Ɗalibar ta juya tabon ya kalli bango aka ci gaba da aiki. Wasu suka ba ta shawara ta shafa fenti ta mayar, tsohuwa ba za ta lura ba. Ta ƙi. Da aka gama ta ɗauki gwaggonta suka je, ta ajiye murfin a gabanta ta faɗi yadda aka yi. Tsohuwar ta daɗe tana shafa wurin da yatsa. Ta ce, "Innata ce ta saya min da kuɗin ƙuli-ƙuli. Tunda kin zo da ƙafarki kin faɗa, na yafe." Ta ƙi karɓar ko kwabo. Amma ta ce kada a sake zuwa mata aro, kuma ɗalibar ta rubuta haka a littafinta.

Fim ɗin ya fito, an nuna shi gaban malamai. An yaba ɗakin, an kuma kama mata abu biyu: a wata fitowa inuwa ta tona layin da fallaye biyu suka haɗu, sannan bangon da ke saman fitila ya yi tsaf, babu ko ɗigon hayaƙi, alhali ko kwana bakwai fitilar kananzir ta yi a wuri sai ta bar shaida. Duk biyun gaskiya ne, kuma duk biyun abin yini guda ne da ta samu yinin. Mako guda bayan nan zazzaɓi ya kwantar da ita, ta rubuta gwaji ɗaya a daddafe.

Ina matsalar take

In aka dubi al'amarin da kyau, ba ƙarancin basira ne ya wahalar da ita ba, ba ma ƙarancin kuɗi kaɗai ba. Makarar da aka yi wajen sa ta a aikin ita ce babba. Da tana wurin ranar da aka fara karanta rubutun, da maganar naira 20 da ta taga an gama su a kan takarda, da an gwada yaɓen a falle ɗaya kafin a ɓata takwas, da an yi ginin kafin ruwa ya kankama. Na biyu, rabon kuɗi: sai da aka cire hayar kyamara da fitilu da janareta da abinci da sallamar 'yan wasa, abin da ya saura aka ce na dandali ne. Ba mugunta ba ce, ɗalibai sun kwaikwayi abin da suka ga manya na yi.

Kuma abin da manyan ke yi a bayyane yake. Tun daga 1990 da fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara a Kano, hanyar da aka saba ita ce a nemi gidan da aka riga aka ƙawata a yi hayarsa, a shiga da kyamara. Shi ya sa za ka ga falo ɗaya a fina-finai da yawa, yau na ɗan kasuwa, gobe na alƙali, kujerun ba su ce komai game da mai gidan ba. Ba wai ba mu taɓa sanin wata hanya ba. Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar a 1976, labarin da sai an sake gina duniyar da ta shuɗe kafin a iya nuna shi. A Kudu kuma marigayi Pat Nebo, wanda ya rasu a 2023, ya nuna a fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan cewa mai tsara dandali na iya mayar da 'yan kallo 1960 su yarda. Yanzu da fina-finai masu dogon zango suka karɓe kasuwa a talabijin da YouTube, inda ake komawa ɗaki ɗaya mako bayan mako, ginin dandali na dindindin ya fi haya ma'ana ko ta fuskar kuɗi. A ganina furodusan da ya fara riƙe irin wannan ɗaliba da albashi, ya ba ta wurin ajiya, zai ga bambanci a aikinsa kafin shekara ta zagayo.

Wurin ajiyar shi ne abu na uku. Zauren aro ne, an ba su kwana biyu su kwashe. Babu inda za a kai bango mai ƙafa takwas, don haka aka kankare ƙasar aka sayar wa kafintan katakon a rabin kuɗi, da shi ta biya sauran bashin keke da gam. Rukunin da zai buƙaci ɗakin ƙasa baɗi daga farko zai fara. Ta yi wa mataimakiyarta kwafin awon bangon da yadda ake haɗa shafen. Littafin aro kuwa ta riƙe shi a wurinta, ta ce duk mai son kayan matan nan sai ya zo ta raka shi da kanta, kuma gida shida ne daga cikin tara suka ce za a iya dawowa.